Mai Kaza a Aljihu: Tunani a kan Kalmomin da Muke Feɗe Rubutu da Su

Kowace sana'a da kayan aikinta. Maƙeri yana da uwar maƙera da masaba da awartaki. Ɗalibin da aka miƙa wa waƙa ko labari aka ce ya yi nazari, ba shi da komai a hannu sai 'yan kalmomi irin su jigo da salo da kamantawa. Da su yake kama abin da ke cikin rubutu ya ɗago shi sama a gani, kuma duk abin da ba shi da kalmar kiransa, yawanci a nan yake barinsa kwance, ko da kunnensa ya ji shi. Saboda haka tambayar inda muka samo waɗannan kalmomi, da abin da suke iya kamawa, tambaya ce da ta shafi kowane kundi da za mu rubuta a wannan sashe namu.

Ni ɗan Tondikandiya ne, a gundumar Filinge ta jihar Tillaberi, cikin kwarin Dallol Boso. Zabarmanci ne ya fi yawa a ƙauyukanmu, amma da an nausa arewa kaɗan an shiga ƙasar Kurfai, inda Hausa take da ƙarfi, kuma can ne dangin mahaifiyata suke. Hausarsu ita ce wadda ake kira Kurhwayanci, wadda a cikinta fari yake zama hwari, faɗa ya zama hwaɗa. Tun 1978 Jibo Garba Malka ya kwatanta furucin Hausar Filinge da na daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya. Da harsunan nan biyu na buɗe baki. Faransanci ya same ni a lakwal, Larabci kuma a zauren wani kawuna. Ban ga kalmomin nazarin adabi da Hausa ba sai da na zo jami'a a Yamai. Wannan ba labarina ba ne ni kaɗai. Mafi yawan masu karanta wannan mujalla ta ƙofofin nan uku suka shigo, kuma kowace ƙofa ta ba mu nata kayan aikin.

A lise an ba mu jerin sunayen adon magana na Faransanci muka haddace: comparaison, métaphore, hyperbole, personnification, da 'yan uwansu da yawa. Jeri ne mai dogon tarihi, tushensa yana wajen Girkawa tun Aristo, Faransawa irin su Dumarsais a 1730 da Fontanier a farkon ƙarni na 19 suka tsara shi aji-aji. Amfaninsa a bayyane yake: yana koya wa ido tsayawa a kan kalma. Yaron da ya saba karanta shafi a guje yakan koyi tambayar me ya sa marubuci ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan. Amma yadda jarrabawar bak take tafiya, aikin yakan tsaya a farauta: ka nemo adon, ka kira sunansa, ka ce ya ƙara wa zancen ƙarfi, ka wuce. Mun fita lise muna iya kiran sunan adon da ke cikin waƙar Victor Hugo, kuma babu mushen da ya taɓa tambayarmu sunan abin da kakanninmu mata suke yi da baki a bakin rijiya.

A zaure kuwa sunan fannin balaga, kuma rassansa uku ne: ma'ani da bayani da badi'i. Malaman ƙasarmu suna karantar da shi daga littattafai irin su Jauharul Maknun na Abdurrahman al-Ahdari, malamin nan na ƙarni na 16 wanda kowane almajiri ya san ɗan littafinsa na fiƙihu da muke kira Ahalari. A nan na ga irin rarrabewar da ban gani a lise ba. Tashbihi yana da rukunai huɗu: abin da aka kamanta, da abin da aka kamanta shi da shi, da kalmar da ta haɗa su, da fuskar da suka yi kama. Idan na ce wane kamar rijiyar Dallol yake wajen kyauta, ba sai an zurfafa guga ba, to dukan huɗun sun bayyana. Idan na yar da kalmar haɗi da fuskar kama na ce wane rijiya ne, maganar ta ƙara nauyi. Idan na yar da shi wanen kansa na ce yau rijiyar unguwarmu ta ƙafe, alhali mutum ne ya rasu, na shiga isti'ara, wato aro. Balaga tana kuma da wani ginshiƙi da ya kamata mu riƙe: a wurin malamanta, magana ba ta cika ba sai ta dace da halin da aka yi ta a ciki.

Kaya na uku daga Nijeriya suka zo mana, kuma aiki ne da ya cancanci a tuɓe masa hula. Malaman jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun ɗauki shekaru suna gina harshen da Hausa za ta yi nazarin kanta da shi. Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da ya fito a 1990. Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Abdullahi Bayero Yahya ya rubuta Jigon Nazarin Waƙa a 1997 da Salo Asirin Waƙa a 2001. Abdulƙadir Ɗangambo ya sake wanke tsohon aikinsa ya fitar da Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa a 2007. Idan mai nazarin harshe ya duba kalmomin da suka bar mana, zai ga iri biyu ne.

Iri na farko an ɗauko su ne daga sana'o'in mutane. Jigo, tun kafin ya shiga aji, mai lambu ya san shi: icen nan ne da ake ɗaga guga da shi a ba shuka ruwa, kuma idan aka ce wane jigo ne a gari, ana nufin a kansa nauyi yake. Saboda haka da aka ce jigon waƙa, babu Bahaushen da ya nemi bayani. Warwarar jigo daga hannun masu zare ta fito. Tubalan gini daga magina. Zubi daga masu narka ƙarfe su zuba shi ya ɗauki siffa. Feɗe daga mahauta, kuma ita ce ta fi burge ni, domin mai feɗewa gwani yana bin gaɓa ne, ba ya sara a tsakiyar ƙashi, ba ya huda fata. Sai kari, kalma guda mai ɗauke da kaya huɗu: karin magana, karin harshe, karin sauti, karin waƙa. Wanda ya ga karin hula ko karin guga a jikin riga ya riga ya fahimci abin da ya haɗa su, wato inda aka lanƙwasa abu ya ɗauki wani fasali. Waɗannan kalmomi na gwada su a kunnen tsofaffin Kurfai, ba su yi tuntuɓe da ko ɗaya ba.

Iri na biyu ƙirƙirarru ne, an ƙera su domin su cike gurbin sunayen da ke cikin jerin Turawa: kamantawa, siffantawa, alamtarwa, jinsintarwa da 'ya'yanta uku, mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Ta fuskar ƙirar kalma babu abin zargi, domin hanyar da Hausa take bi ta mai da suna aikatau aka bi: dabba, dabbanta, dabbantar, dabbantarwa. Sai dai wasu sun yi karo da ma'anar da kalma take da ita a bakin jama'a. Mutunta mutum a Hausar yau da kullum girmama shi ne, don haka wanda bai shiga aji ba, idan ya ji an mutuntar da iska, zai ɗan yi jim. Siffantawa ma a wajen mutane bayyana kamannin abu ne, ba aron sunan wani abu a ɗora masa ba. Ga kuma saɓani tsakanin littattafan kansu: wani ya ce kamantawa wani ya ce kamance, wani adon harshe wani adon magana, wani amsa-amo wani ƙafiya. Wannan ba aibi ba ne ga fannin da yake girma. Abin da ya fi damuna wani abu ne daban, kuma misali zai fi bayyana shi.

A ce ga gida mai mata biyu. Uwargida ta yi jinyar amarya wata guda, ta ɗauke mata daka da ɗebo ruwa. Amarya ta warke, ko sannu. Da hantsi uwargida tana sheƙe hatsi, kaza ta zo tana tsince, sai ta ɗaga murya yadda za a ji har cikin ɗaki ta ce: «Ci abinki, kaza, ki goge baki a ƙasa, halinku ne.» Idan na ba ɗan lise wannan jimla, zai ce an yi wa dabba magana kamar mutum, ya kawo sunan Faransanci. Ɗan jami'a zai yi muhawara ko mutuntarwa ce, tunda an yi wa kaza magana, ko dabbantarwa, tunda an mai da mutum kaza. Dukansu sun faɗi gaskiya. Amma ka tambayi kowace mace a gidan me ya faru, da kalma ɗaya za ta amsa: habaici. Kalmar nan ta faɗi abin da sauran ba su faɗa ba. Ta ce akwai wadda aka nufa, tana jin maganar, ba a kama sunanta ba, kuma an bar wa mai maganar ƙofar fita. Idan amarya ta fito ta tanka, uwargida za ta ce da kaza take, kuma amarya ta tona kanta da kanta. Shi ya sa Hausawa suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A nan bambancin yake. Jerin da muka haddace yana rarraba magana ne bisa yadda aka ƙera ta. Kalmomin da Hausawa suka gada suna rarraba ta bisa wanda aka harba wa, da dangantakar da ke tsakani, da abin da zai biyo baya. Zambo yana zana mutum da munanan kamanni har kowa ya gane shi, kuma makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yi ta jifar abokan hamayyar iyayen gidansu da shi. Habaici yana sakayawa. Gugar zana tana shafar mutum a wuce kamar ba da gangan ba. Gatse yana faɗin kishiyar abin da ake nufi ga wanda ya san an hana shi: uwa ta ce wa yaro ya ci gaba da wasa da wuta, yaron kuma ya san umurnin dainawa ne. Ba'a tana da sharaɗin wanda ya halatta ya yi ta. Idan Ba'are ya ce wa Bafillace bawansa ne, dariya za a yi, domin akwai wasa tsakaninsu, irin wasan taubasantakar da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Jimlar nan ɗaya, kalma da kalma, idan ta fito daga bakin wanda babu wasa tsakani, sai an kai ga mai gari. Siffar magana ba ta sauya ba, amma sunanta ya sauya, kuma sunan ne yake gaya mana ko za a kwana lafiya.

Zabarmanci ma haka yake yi. Zamu, wanda Jeanne Bisilliat da Diouldé Laya suka tattara a 1972, kirari ne da ake yi a kan suna, mafi yawa daga bakin mata. Marcanda kuwa, wadda Sandra Bornand ta yi nazari, waƙoƙi ne na ranar da miji ya ƙara aure, inda matan da suka shigo gidajensu a uwargida da waɗanda suka shigo a amarya suke rabuwa gida biyu suna jifar juna da baƙar magana, cikin iyakar da al'ada ta shata. Ba a iya fassara ko ɗaya daga sunayen nan ba tare da an faɗi wa yake magana, da wa, kuma a wace rana ba.

Ba ina cewa sauran al'ummomi ba su san wannan ba. Balaga tana da ta'aridi a ƙarƙashin kinaya, kuma kusan habaici ne. Faransanci yana da allusion da ironie. Ilimin harshe na zamani ma ya iso nan tun littafin John Austin na 1962, wanda ya nuna cewa faɗi kansa aiki ne, kuma mukan karanta shi a darasin ma'ana cikin mahalli. Abin lura shi ne matsayi. Abin da yake gefe a cikin jerin lise, a Hausa shi ne tsakiyar fage. Bahaushe ya tara sunaye masu yawa a inda ya fi jin tsoro kuma ya fi jin daɗi, wato inda magana take taɓa mutunci.

Wani zai ce wannan duk adabin baka ne, rubutu kuwa ba shi da tsakar gida. To mu duba Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A littafi na farko aku yana ba ɗan sarki labari bayan labari, kuma muna iya fitar da jigon kowane labari mu jera adon da ke ciki. Idan muka tsaya nan mun bar abin da yake riƙe da littafin: kowane labari dabara ce ta tsare yaro a gida har gari ya waye, domin waziri yana ƙulla makirci a waje. Labarin yana da wanda aka nufa da shi, yana da aikin da aka aike shi. Haka Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980 a kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Da Faransanci aka rubuta shi, amma yabon da ake yi wa sarauniya a ciki kirari ne. Idan muka kira shi kambamar zulaƙe muka wuce, mun ce an faɗi abin da ya fi gaskiya girma, shi ke nan. Kirari kuwa bashi ne. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, ya san cewa ɗan kokowar da ya yi wa kansa kirari ya ɗaure kansa a gaban jama'a, kuma wanda maroƙi ya wasa dole ya biya, ko da dukiya ko da aiki.

Akwai kuma rubutun da muke karantawa kullum a Facebook da WhatsApp, wanda rabinsa habaici ne, mai shi yana jiran wanda zai tsargu. Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare a yankinmu, na lura mutane sun daina kiran wasu abubuwa da sunansu, a baki da kuma a saƙon waya. Sai ka ji an ce mutanen daji, ko masu babura, ko a ce baƙi sun kwana a gari kaza. Jerin lise zai kira wannan euphémisme, wato tausasa magana don ladabi. Hausa ta san sakayawa iri-iri: akwai ta alkunya, kamar matar da ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, akwai ta habaici, akwai kuma ta tsoro. Mai nazarin da zai karanta wasiƙu da waƙoƙin wannan zamani nan da shekara 30, idan kalma ɗaya tak yake da ita ga duka ukun, zai ɗauka ladabi ne ya yi mana yawa.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ta zama ta gaggawa shi ne, a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tafiyar ta daɗe: taron Bamako na 1966 ya duba yadda za a rubuta harsunanmu, makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram a 1973. Duk ranar da aka ce a koyar da adabi da Hausa a kwaleji da lise, za a buƙaci littattafai, kuma 'yan wannan sashe ne za a kira su rubuta. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko jerin Faransanci a ajiye a hagu, a nemo wa kowace kalma kishiya a dama. Idan aka yi haka, habaici zai shiga a matsayin fassarar wata kalma, zambo a matsayin fassarar wata, gatse da gugar zana wataƙila ba za su sami gurbi ba sam, domin babu layin da yake jiransu a hagu. Yaran Filinge za su haddace sabon jeri da harshensu, su fita da irin makantar da aka fita da ita da.

Abin da nake roƙon 'yan uwana ɗalibai bai fi ƙarfinmu ba. Mu karɓi aikin malaman Kano da Zariya da Sakkwato hannu biyu, domin iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ba ta raba Hausa ba, kuma sake ƙera abin da aka riga aka ƙera ɓarnar gawayi ne. Amma kowace kalma mu kai ta kunnen Kurfai da Arewa da Adar da Damagaram mu ji yadda ta sauka. Sa'an nan a duk nazarin da za mu yi, bayan mun faɗi yadda aka ƙera magana, mu ƙara tambayoyin da matan tsakar gida suke fara yi: da wa ake, wa ya ji, kuma me mai maganar zai ce idan aka tare shi. Waɗanda muke da Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, mu ajiye sunayen da harsunan nan suke ba waɗannan abubuwa kusa da na Hausa, domin a Tondikandiya yaro ɗaya ne yake jin habaici a gidan kakarsa ta wajen uwa, ya ji marcanda a gidan kakarsa ta wajen uba.

Ni dai a kundina na keɓe babi guda ga sunayen da masu magana da kansu suke ba maganarsu. Hanyar tattarawar ba ta da wuya: in karanta wa tsohuwa jimla, in gaya mata wanda ya faɗa da wanda ke zaune, in tambaye ta me ake kiran wannan. Sa'an nan in sauya mai faɗin, in bar jimlar yadda take, in sake tambaya. Sau da yawa sunan yakan sauya. Duk wanda zai je gida hutun nan, ina roƙonsa ya gwada haka da jimla biyar a garinsu, ya kawo wa wannan mujalla abin da ya samo.